Waƙa da Gyaran Zaman Jama'a: Abin da Ya Kamata Ku Sani

Da wuya a sami wani babban sauyi da ya ratsa ƙasar Hausa, birni da ƙauye, ba tare da an saka shi cikin waƙa ba. Masu jihadi sun yi wa'azi da waƙa. 'Yan NEPU sun yi siyasa da waƙa. Da aka tashi yaƙi da jahilci, da aka canza kuɗi daga fam da sule zuwa naira da kwabo, da aka fito da rigakafin shan inna, duk sai da aka nemi mawaƙa. Dalilin a fili yake. Mutumin da bai iya karanta jarida ba yana iya haddace doguwar waƙa in ta shiga kunnensa 'yan lokuta, kuma matar da ke cikin gida, wadda ba za ta je dandalin lacca ba, waƙa tana iske ta har gindin murhu.

Yau ma ba a daina ba. Duk rikicin da ya tashi, kafin ƙura ta lafa za ka ji wani ya shiga situdiyo ya fito da waƙar zaman lafiya. Kaɗan daga cikinsu suna tasiri, mafi yawa kuwa a ji su mako biyu a manta. Me ya raba su? Abin da na fahimta shi ne, waƙa ba ta aiki ita kaɗai. Tana cin nasara ne in ta ambaci ciwon da mutane ke ji da sunansa, kuma in akwai jama'ar da suka ɗaura niyyar yin wani abu tare, waƙar ta zame musu abin haɗa ƙafa.

Zan ɗauko bayanin daga Falgore. Falgoren da ke ƙaramar hukumar Rogo nake nufi, a masarautar Ƙaraye, ba dajin nan na wajen Doguwa da Tudun Wada ba. Yanki ne na manoma da makiyaya a yammacin jihar Kano, inda iyakar Kano ta haɗu da ta Katsina da ta Kaduna. Ana noma masara da dawa da shinkafa da rake da barkono, kuma tun da aka kammala madatsar ruwan Challawa a ƙasar Ƙaraye a 1992 noman rani da kamun kifi suka ƙara ƙarfi a wannan ɓangare. A irin wannan wuri zaman lafiya ba maganar taron manema labarai ba ce. Magana ce ta ko shanu sun shiga gona kafin a kwashe amfani, ko saurayi ya dawo daga ci-rani da ɗabi'ar shan ƙwaya, ko yarinya za ta gama makaranta kafin a ɗaura mata aure.

Gangar noma

Wanda ya taɓa ganin gayya ya riga ya san rabin abin da zan faɗa. Mai gona ya gayyato samari, mata sun tashi da asuba sun dama kunu sun kirɓa fura, kowa ya kama kunyarsa ya duƙa. Makaɗi yana biye da su a baya da ganga. Ba ya noma ko taki ɗaya, amma ka lura da abin da yake yi. Yana daidaita saukar hauya, har ka ji ƙarfe ashirin na faɗa wa ƙasa lokaci guda. In ya hangi wani ya fara sanyi, sai ya matsa kusa da shi ya kaɗa takensa, ya ambaci ubansa da kakansa da irin damman da suka ɗaure a zamaninsu. Yaron da ya yi niyyar miƙewa ya huta sai ya ƙara duƙawa, don ba zai yarda a kira sunan gidansu yana tsaye ba. Wanda ya yi ha'inci, ya binne ciyawa maimakon ya nome ta, habaici zai same shi nan take, kowa ya yi dariya, shi kuma ya koma ya gyara.

Abubuwan da ke cikin wannan kiɗa su ne ke cikin duk waƙar da ta taɓa sauya wani abu: akwai aiki na zahiri a gaba, akwai mutanen da suka taru dominsa, makaɗin ya san su ɗaya bayan ɗaya, yana da yabo yana da zambo. Ka ɗauke gonar da manoman, ka bar makaɗi shi kaɗai a fili, kiɗan na nan da daɗinsa amma kunya ko ɗaya ba za ta nomu ba.

Gayya tana ja da baya yanzu, saboda ƙwadago na kuɗi da maganin feshi da shanun huɗa sun karɓe yawancin aikinta. Wannan asara ce da ba a cika lissafa ta ba, domin gayya ba noma kaɗai take yi ba. Mutanen da suka yi gumi a gonar juna, suka sha fura a ƙwarya ɗaya, ba su cika kai ƙarar juna gaban alƙali ba.

Nana Asma'u da jajinta

Malaman jihadi sun yi suka mai zafi ga kiɗan sharholiya, amma ba su yar da waƙa ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ƙanensa Abdullahi da 'ya'yansu sun rubuta waƙoƙi masu yawa da Larabci da Fulatanci da Hausa, a rubutun ajami, don su isar da karatu ga wanda bai zauna gaban malami ba. Wadda ta fi burge ni a cikinsu ita ce Nana Asma'u, 'yar Shehu, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864.

Bayan yaƙe-yaƙe ƙasa ta cika da zawarawa da marayu da matan da aka kamo daga wurare dabam-dabam, da yawansu ba su san komai na addini ba sai bori. Asma'u ba ta tsaya ga rubuta waƙa ta ajiye a gafaka ba. Ta kafa tsarin da ake kira 'yan taru. A kowane ƙauye ana zaɓar dattijuwa mai hankali da mutunci, a naɗa ta jaji, a ba ta malfa alamar muƙaminta. Jaji takan jagoranci tsofaffin mata da 'yan mata su yi tattaki zuwa wurin Asma'u, su haddace waƙoƙi a kan tauhidi da salla da tarihin Annabi da kyautata wa maƙwabci da kula da mara lafiya, su koma gida su koya wa matan auren da ba su iya fita ba. Waƙar tana tafiya ne a bakin mace sananniya, wadda in ta shiga gida za a shimfiɗa mata tabarma. Shi ya sa tsarin ya rayu shekaru masu yawa bayan rasuwar mai shi.

Duk ƙungiyar da ke son aika saƙo ga matan karkara a yau, kafin ta biya kuɗin situdiyo, ya kamata ta tambayi kanta wace ce jajinta. A ƙauyukan Rogo da Ƙaraye amsar ba ta da nisa: malamar Islamiyya, ungozoma, uwar adashi.

Zamanin sawaba

Babu lokacin da waƙa ta yi aikin siyasa a ƙasar Kano kamar shekarun 1950. An kafa jam'iyyar NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, kuma ba da jimawa ba Malam Aminu Kano ya zama jagoranta. Jam'iyya ce ta talakawa, teloli da 'yan koli da malaman zaure da manoma. Ba ta da gidan rediyo, ba ta da baitulmali, hukumar En'e kuma tana iya hana ta izinin taro duk sa'ad da ta ga dama. Abin da take da shi shi ne baki. Sa'adu Zungur na Bauci, wanda ya rasu a 1958, ya riga ya nuna cewa rubutacciyar waƙa tana iya ɗaukar muhawarar siyasa mai nauyi, musamman da waƙarsa "Arewa Jumhuriya ko Mulukiya", inda ya gargaɗi sarakuna su gyara kafin zamani ya gyara su. Bayansa ga su Mudi Sipikin da Aƙilu Aliyu da Gambo Hawaja, shi kansa Malam Aminu ma ya rubuta waƙa.

Waƙoƙin nan ba su yi ta kewaye-kewaye a kan "adalci" da "ci gaba" ba. Sun kama abin da ke ci wa manomi tuwo a ƙwarya: haraji, jangali, aikin tilas, noman gandun mai sarauta kyauta, gaisuwar da talaka zai kai kafin a saurari ƙararsa, bulalar dogari. Manomin da ya ji an jera waɗannan a waƙa ya san da shi ake, ba sai an yi masa fassara ba. Kuma waƙar tana da wata fa'ida da lacca ba ta da ita. Mai lacca ana iya kama shi a rufe. Waƙar da ta shiga bakin 'yan mata a dandali da masu jaki a hanyar kasuwa, wa za a kama?

An dai kama mutane, kuma an sha wuya. An ɗaure 'yan NEPU da yawa a kotunan alƙalai kan laifin zagin sarauta ko yin taro ba izini, an yi wa wasu bulala, wasu sun bar garuruwansu. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta shiga kurkuku sau da dama saboda tara mata da yi musu bayanin 'yancinsu. A nan ne waƙa ta yi aikinta na biyu, wato riƙe zuciya. Mutumin da aka ɗaure, in ya san akwai dubbai a waje da ke rera abin da shi ma yake rerawa a ciki, ba ya jin an yar da shi.

Kada a ɗauka duk abin yabo ne. Jam'iyyar NPC ma tana da nata mawaƙan, kuma ɓangarorin biyu sun yi wa juna zambo mai muni, har da taɓa asali da iyaye. Wasu waƙoƙin sun hura wutar faɗan 'yan banga. Amma ga abin da ya kamata a riƙe: NEPU ba ta taɓa kafa gwamnati ba, duk da haka buƙatun da ta yi ta rerawa sun zauna a zukatan mutane kusan shekara talatin. Da jam'iyyar PRP, magajiyarta, ta ci zaɓen jihar Kano a 1979, Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali. A zaɓen wannan shekarar ne kuma matan Arewa suka fara jefa ƙuri'a a babban zaɓen ƙasa. Waƙa ba ita ta sa hannu a takardar ba, amma ita ta hana maganar mutuwa har ranar da aka sami mai sa hannun.

Ɗan Maraya da Barmani

Akwai wani irin sauyi da bai shafi gwamnati ba, wanda ke faruwa a cikin ido, wato yadda mutum ke kallon ɗan'uwansa. A nan ba na jin akwai wanda ya kai Adamu Ɗan Maraya Jos, wanda aka haifa a 1946 ya rasu a 2015. Kayan aikinsa kuntigi ne, ɗan ƙaramin abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya da ake yi da gwangwani a rufe da fata. Ba 'yan amshi, ba sanƙira, ba tawaga. A lokacin da manyan makaɗa ke bin fada da gidajen attajirai, shi sai ya yi wa karen mota waƙa. Yaron nan mai dauɗar riga, mai saka weji in mota ta tsaya a hawa, mai kwana a kan kaya, wanda fasinja ke yi wa tsawa direba ma ya yi masa, shi Ɗan Maraya ya ɗauka ya ba shi matsayin da ake ba 'ya'yan sarauta. Wanda ya saurari waƙar da kyau, gobe in ya shiga tasha da wani ido zai dubi yaron.

Haka ya yi a "Jawabin Aure", inda yake sauya murya, ya zama miji ya zama mata, ya kawo rigimar cikin gida yadda take, har mai sauraro ya yi dariya kafin ya gane cewa gidansa ake kwatantawa. Haka a "Mai Akwai da Babu" da "Auren Dole". Ba ya hawa mumbari ya yi faɗa. Yana nuna maka halinka ne ya bar ka da kunyarka, kuma Bahaushe ya fi jin wannan fiye da tsawa.

Ta ɓangaren mata kuwa, Hajiya Sa'adatu Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, ita ce misali. Kiɗanta amada ne, ƙwarya a kife, wata a kan ruwa, mata zalla a tsakar gida ranar suna ko biki. A wannan fili da maza ba sa shiga ta yi wa mata maganar da ba mai gaya musu a sarari. Waƙarta "A Kama Sana'a Mata" kira ne ga matar aure ta nemi na kanta, ko ƙuli-ƙuli ko ɗinki ko kiwon akuya, kada ta zauna komai sai ta miƙa hannu. Bakinta yana da kaifi, wasu kalamanta ma sun sa malamai tsuke fuska, kuma ba duk abin da ta rera ne zan kare ba. Sai dai ta isa inda jami'in gwamnati da takardarsa bai taɓa isa ba, da harshen da matan ke yi wa juna magana in sun kaɗaita.

Gwamnatoci sun daɗe da gane wannan ƙarfi. A shekarun 1950 gwamnatin Jihar Arewa ta yi amfani da waƙa a yaƙi da jahilci. Lokacin yaƙin basasa, daga 1967 zuwa 1970, gidan rediyon Kaduna ya cika da waƙoƙin ƙarfafa soja da na haɗin kan ƙasa. Da aka koma tuƙi ta hannun dama a 1972, da aka kawo naira da kwabo a 1973, da aka buɗe shirin ilimin firamare kyauta a 1976, mawaƙan baka irin su Mamman Shata da marubuta waƙa na ƙungiyoyin Kano su ne suka zama masu fassara manufar hukuma ga talaka. Irin wannan waƙa tana aiki sosai in saƙon bayani ne kawai, kamar kwabo nawa ke cikin naira. In magana ta zama ta yarda da amana, ba ta isa ba. Da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003 saboda zargin da ya bazu, ba waƙar rediyo ce ta dawo da mutane ba. Sai da sarakuna da malamai da masu unguwanni suka shiga gida-gida, wasu suka ɗiga wa 'ya'yansu a gaban jama'a, sannan waƙar ta sami ƙasar da za ta taka. A 2020 aka tabbatar Nijeriya ta rabu da ƙwayar cutar ta daji.

Ganga ba ta zaɓen gona

Wajibi ne a faɗi wannan ɓangaren, domin masu yabon waƙa sukan tsallake shi. Dabarar da ke sa saurayi ya ƙara duƙawa a gona ita ce dai ke sa ɗan tauri ya zare wuƙa. Zuga zuga ce. A ƙasar Kabi an yi Muhammadu Gambu, wanda ya shahara da yi wa ɓarayi waƙa, yana kiran sunayensu yana kambama ta'asarsu, kafin daga baya ya bayyana cewa ya tuba. A 'yan shekarun nan mun ji waƙoƙin yabon 'yan bindigar daji suna yawo a wayoyi, har yara na bin amshinsu ba tare da sanin abin da suke ɗaukakawa ba.

Misali mafi muni a Afirka shi ne na Ruwanda. Kafin kisan ƙare dangi na 1994 da lokacinsa, gidan rediyon RTLM ya yi ta saka waƙoƙin wani shahararren mawaƙi, Simon Bikindi, masu tuna wa 'yan Hutu tsohuwar gaba da 'yan Tutsi. A 2008 kotun duniya da ke zama a Arusha ta yanke masa ɗaurin shekara 15. Hukuncin ya tsaya ne a kan jawabin tunzurawa da ya yi da lasifika a kan hanya, amma kotun ta yarda cewa an yi amfani da waƙoƙinsa wajen hura ƙiyayya. Waƙoƙin suna da daɗin ji, kuma wannan ne ya sa suka yi kisa. Don haka in waƙa ta ambaci wata ƙabila ko wani jinsi gaba ɗaya ta ɗora musu laifin mutum goma, ko Fulani ne, ko Hausawa, ko 'yan wata ɗariƙa, uba ya kamata ya karɓi wayar ya goge ta, komai zaƙin muryar.

Ko waƙar kirki ma tana da iyaka. Ranar 22 ga Afrilu, 1978, a Kingston babban birnin Jamaika, Bob Marley ya kira Firayim Minista Michael Manley da madugun adawa Edward Seaga kan dandamali ya haɗa hannayensu sama, a lokacin da 'yan bangar jam'iyyunsu ke kashe juna a unguwanni. Hoton ya zaga duniya. Amma cikin shekara biyu an kashe manyan 'yan daba biyu da suka shirya taron, kuma zaɓen 1980 ya ci ɗaruruwan rayuka. Ba a karɓe bindigogi ba, ba a sama wa samarin aiki ba, 'yan siyasar ba su daina ba su kuɗi ba. A Afirka ta Kudu kuwa, waƙar addu'ar da Enoch Sontonga ya tsara a 1897 ta yi kusan ƙarni guda a bakin masu yaƙi da wariyar launin fata har ta shiga taken ƙasa, domin a bayanta akwai ƙungiya da yajin aiki da mutanen da suka yarda su shiga kurkuku.

Wa ya biya?

Makaɗin Hausa tun asali yana da ubangida, kuma ba abin kunya ba ne, sana'a ce. Amma mai sauraro ya kamata ya riƙa tambaya: wa ya biya kuɗin wannan waƙa, kuma me ba za ta iya faɗa ba saboda haka? Waƙar zaman lafiya da ɗan takara ya ɗauki nauyi ba za ta ambaci wanda ke raba wa samari ƙwaya da gora ranar kamfen ba. Dauda Kahutu Rarara, wanda garinsu ke ƙaramar hukumar Ɗanja ba nisa da Rogo, ya nuna ƙarfin waƙar siyasa ta zamani a zaɓen 2015, lokacin da waƙoƙinsa suka zama muryar masu neman canji a duk Arewa. Mutane sun sa rai ƙwarai. A 2023 shi da kansa ya fito ya soki mulkin da ya yi wa waƙa. Fatan da aka rataya a wuyan mutum ɗaya haka yakan ƙare, kuma talakan da ya yi rawa ya fi kowa jin zafin faɗuwar.

Mawaƙin da ya zaɓi ya yi magana ba ubangida kuma yana biyan nasa farashin. A 2009 wata kotun tafi-da-gidanka mai aiki da Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano ta haramta waƙoƙi 11, aka kuma kama Aminu Ladan Abubakar, wato Alan Waƙa, aka tsare shi kan waƙarsa "Hasbunallahu", wadda addu'a ce a kan azzalumai ba tare da ta kama sunan kowa ba. Hanin bai kashe waƙar ba, sai ma ya sa aka yi ta tura ta daga waya zuwa waya. Tun daga lokacin hanyar waƙa ta sauya. Yau a kasuwar ƙauye mai cajin waya shi ne gidan rediyo: ka ba shi memori da 'yan canji ya cika maka da abin da ya ga dama. Abin da yaran Falgore za su ji a wannan mako yana hannunsa fiye da yadda yake hannun kowace hukuma, kuma ban ga wanda ke zama da irin waɗannan matasa ya yi shawara da su ba.

To, wace waƙa ce za ta yi amfani a nan?

Ku ɗauki rigimar da ta fi yawa a ƙasar noma, wadda ke tashi da kaka, lokacin da amfani ke gona shanu kuma suka matso. Waƙar da ke cewa manomi da makiyayi 'yan'uwan juna ne ba ta ƙara wa kowa komai, domin duka sun sani. Wadda za ta yi aiki ita ce wadda ta biyo bayan zama: dagaci da arɗo da sarkin noma da limami sun zauna, an amince da burtalin da ba za a nome ba, da mashayar da ba za a toshe ba, da lokacin da za a saki shanu su ci karmami, da wanda za a kai wa ƙara in an yi ɓarna. Sannan a sa wannan yarjejeniya a waƙa, da Hausa da Fulatanci, a ambaci wuraren da sunayensu, a yabi manomin da ya bar hanya da makiyayin da ya biya diyya ba gardama, a yi habaici ga mai noma burtali da mai kiwon dare. A rera ta ranar kasuwa, a saka ta a memori. Yaron da ke bin shanu da yaron da ke gadin gona duk za su haddace doka ɗaya.

Muna ma da kayan aikin da ba sai an aro ba. Wasan barkwanci tsakanin Kanawa da Zage-zagi, ko Fulani da Barebari, hanya ce ta faɗa wa mutum gaskiya mai ɗaci ya yi dariya maimakon ya zare sanda. A Jamhuriyar Nijar sun ɗauki wannan al'ada da muhimmanci har hukumar UNESCO ta saka ta cikin jerin al'adun duniya a 2014. Yankin da ke bakin iyakar Kano da Zazzau da Katsina ya fi kowa sanin daɗin wannan wasa, kuma mawaƙin da ya iya shi zai faɗi abin da hakimi ba zai iya faɗa a zaman sulhu ba.

Ga waɗanda ke ƙyamar kiɗa saboda addini, kuma malamai sun saɓa a kan wannan tun da daɗewa, ƙofa a buɗe take. Aliyu Namangi, makahon malamin Zariya, da murya kawai ya rera "Imfiraji", kuma har yau almajirai da makafi na yawo da ita a ƙofofin gidaje. 'Yan Islamiyya suna haddace waƙa ba ganga ba fiyano. Malamin da ya iya tsara baiti zai iya yi wa ɗalibansa waƙa a kan illar ƙwaya, ko haƙƙin maƙwabci, ko barin yarinya ta gama karatu, su kai ta gidajensu ranar walima.

Akwai kuma aikin gaggawa da kowane mai waya zai iya yi. Tsofaffin da suka san waƙoƙin niƙa da daɓe da gaɗa da taken manoma suna ƙarewa, injin niƙa da siminti sun riga sun kashe wuraren da ake rera su. A cikin waɗannan waƙoƙi akwai yadda kakanninmu mata suka yi ƙorafin kishiya da uwar miji ba tare da gida ya watse ba, da yadda aka yi wa rago da mai rowa horo ba tare da an kai shi kotu ba. A nemi izinin tsohuwa, a ɗauki muryarta, a rubuta sunan ƙauyen da shekarar da aka ɗauka da lokacin da ake yin waƙar. A bar kwafi a makarantar garin, a kai wani cibiyar nazarin harsunan Nijeriya da ke Jami'ar Bayero a Kano.